Takardar da Ke Hannuna ta Mamaci Ce

Zuwa ga Goggo Dijatu,

Goggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, domin ƙarshen watan nan za a rufe karɓar fom. Wannan ne karo na uku da nake rubuta miki wasiƙar nan, biyun farko na yayyaga su na zuba a murhu. Ki yi haƙuri da Hausata, a kasuwar Mubi na tsince ta, ba a Kano ba. Kin sha faɗa a filin nan naki na jarida cewa kin riƙe makarantar firamare shekaru da yawa kafin ki yi ritaya, shi ya sa na zaɓe ki. Ina roƙonki ki canja sunayen mutanen da zan ambata kafin ki buga.

Ni malamin firamare ne a wata makaranta wajen Mugulbu, shekarata takwas ina koyar da 'yan aji ɗaya. Ba ni da takardar malanta ta Giredi Tu. Ina cikin waɗanda aka kwasa a 1976 lokacin UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi mana kwas na 'yan makonni, aka miƙa mana alli aka ce mu je Allah ya taimaka. To, tun da sojoji suka dawo, ofishin ilimi ya aiko mana da takarda cewa duk malamin da ba shi da horo, ko ya shiga kwalejin horon malamai ko ya koma gona. An raba mana fom, kowa ya rubuta kwalejin da yake so. Abokan aikina sun cike nasu tun a ranar. Nawa yana ƙasan akwati yau mako uku, gurbin sunan kwalejin babu komai.

Kwaleji biyu ne suke da gurbin irinmu bana. Ɗaya tana nan Mubi, daga Lokuwa inda nake haya da keke zan riƙa zuwa, in dawo in ci tuwon gidana. Ɗayar tana can kudancin jiha wajen Takum, an ce kwana biyu ne a mota idan hanya ta yi kyau. Ni kuwa duk yawona a duniya bai wuce Yola ba. Duk mai hankali Mubi zai rubuta, ni ma na sani. Amma ta Mubin ce nake tsoro, kuma dalilin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke yau.

Mu mutanen Michika, ba zama ake yi a zaɓa wa yaro suna ba, da sunansa yake zuwa. Ɗan fari namiji Tizhe ne, ko'ina, a kowane gida. Shi ya sa ban ji tsoron faɗa miki nawa ba. Ki tsaya a kasuwar Michika ki kira Tizhe, har mai sayar da awaki sai ya waiwayo. A gidan kakanmu mu biyu ne, ni da ɗan baffana, watanni huɗu ne tsakaninmu. Rana ɗaya aka kai mu makaranta. Da mai rajista ya tambayi sunan uba, sai aka ba shi sunan kakanmu, don shi ne mai gida, haka ake yi a lokacin. Sai muka zama mutum biyu masu suna ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Hedimasta ne ya raba gardama, ya kira shi Dogo ya kira ni Gajere, amma wannan a baki ne kawai, ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Ina aji shida babana ya kwanta ciwon da bai tashi ba, aka cire ni na riƙe gonar dawa. Dogo ya ci gaba, ya gama aji bakwai, ya karɓi satifiket ɗinsa da takardar shaidar hali wadda hedimasta ya rubuta da hannunsa. Bai mori komai ba. Da bazarar 1974 sanƙarau ya shigo ƙauyenmu, kwana uku kacal Dogo ya yi a kwance ya rasu.

Da maganar UPE ta zo, aka ce duk mai takardar aji bakwai ya kawo a ba shi aiki. Ina dawowa daga gona uwar Dogo, Mama Selina, ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta zaro takardun nan biyu ta ɗora a hannuna. Ta ce shekara bakwai tana tashi da sassafe tana dama wa yaron nan kunu ya tafi makaranta, ba za ta zuba ido gara ta cinye wahalarta ba. Ta ce sunan da ke jiki ai nawa ne, ba wanda ya kankare komai, ba wanda ya ƙara komai. Goggo, shekarata goma sha tara a lokacin, ƙannena huɗu, rumbu ya kusa ƙarewa. Takardar ba ta da hoto. Na karɓa, na kai, aka duba suna aka dube ni aka ce in zauna a layin dama.

Ba yabon kai ba, aikin nan na iya shi. Yara suna zuwa min wani da yaren Gude, wani da Fulatanci, wani da yarenmu, babu mai jin na wani, kafin zango na biyu duk suna karanta baƙi da wasali. Da ƙwallon tsamiya nake koya musu ƙirga. Waƙoƙin Gude da na koya a wurin matata da su nake lallashin masu kuka ranar farko. Yaran da na fara koyarwa suna sakandare yanzu, ɗaya ma yana kwalejin nan ta Mubi, in na shiga shi ne zai zama babba a kaina. Wannan bai dame ni ba. Amma duk ranar da na ji ƙarar babur ɗin mai duba makarantu a bakin hanya, sai in ce yau kam ni ya zo kamawa, ko da rajistar yara kawai ya zo gani.

Ga inda matsalar take. Hedimastanmu na da, Malam Dawuda, ya ƙaro karatu, yanzu malami ne a kwalejin Mubi, kuma an tabbatar min yana cikin masu yin intabiyu. A intabiyun dole ka ajiye takardunka na asali a kan tebur. Mutumin nan shi ya sa hannu a satifiket ɗin. Shi ya rubuta a takardar shaidar hali cewa mai ita gwanin tsere ne, ni kuwa ko kaza ban taɓa kamawa da gudu ba. Kuma shi ne ya tsaya a bakin kabarin Dogo ya yi magana har mata suka sake fashewa da kuka. Yana ganin shekarar da ke jikin takardar zai gane.

Shekara takwas ina kauce masa. Cocin da yake zuwa ba na zuwa, layin gidansa ba na bi. Sai ranar Larabar da ta wuce, a kasuwa, ina tsugunne ina taya matata zaɓen albasa, na ji an dafa kafaɗata an ce Gajere. Babu mai kirana haka a Mubi. Na ɗago, ga shi, ya yi furfura amma idon nan nasa yana nan. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi Mama Selina. Ya ce yana jin labarin ajina a wurin mutanen Mugulbu, ya kuma ji ina cikin masu cike fom. Sannan ya ce in biyo ta gidansa kafin ƙarshen wata, yana da magana da ni. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Ban san abin da na amsa masa ba, matata ce ta ce na bar albasar a wurin na kama hanya.

Tun ranar abinci ba ya shiga. A ɗakin malamai kullum sabon labari, wai an kafa kwamitin tantance takardu, wai a wata ƙaramar hukuma an fitar da wani malami daga aji a gaban yara, wai sabuwar doka ɗaurin shekara ashirin da ɗaya ta yanke wa mai takardar jabu. Ban san gaskiya a ciki ba, amma ni kowane labari da ni nake jin ana yi. Ina tsoron kurkuku. Ina tsoron a kira sunana a rediyo. Abin da ya fi ci min rai shi ne a zo a tafi da ni yaran nan suna kallo ta taga.

Matata Rut ba ta san komai ba. Tana da ciki wata shida, ga yara biyu, ga gonar gyaɗa da babanta ya ba mu aro. Na yi ta yaba mata kwalejin kudu, na ce sun fi malamai, sun fi littattafai, abin da ko a mafarki ban gani ba. Ta saurare ni ta gama, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an bar ruwa a randa an tafi Takum shan ruwa ba. Shekaranjiya ta tambaye ni kai tsaye ko wata ce a can, ko kuwa ita ce na gaji da ita. Na rantse mata babu, amma ban iya ba ta dalili ba, sai ta ɗauki fartanya ta fita. Jiya ba ta yi min magana ba sai a kan yara.

Kuma akwai Mama Selina. Duk Kirsimeti in na je gida sai ta riƙe hannuna ta zagaya da ni tana cewa ga ɗanta malami. In asiri ya tonu, ita ma za a ce da hannunta.

Goggo, in rubuta ta kudu in tafi inda ba wanda ya san Dogo da Gajere, in bar Rut ta haihu ba na nan? Ko in rubuta Mubi in kai kaina? Ko in bar koyarwar gaba ɗaya in koma gona tun da mutuncina? Kuma gidan Malam Dawuda, in je ko in yi kamar ban ji ba? Na rasa inda zan sa kaina.

Naki,
Malamin 'yan aji ɗaya, Mubi

*

Malam,

Na canja sunayen kamar yadda ka roƙa, sai naka na bari, tunda ka ce ku da yawa ne. Hausarka kuwa ba ta da laifi, na gane komai, har abin da ba ka so ka faɗa ba.

Bari in fara da mai ɗaci. Abin da ka yi ba daidai ba ne. Sunan naka ne, amma shekarar aji bakwai ba taka ba ce, kuma ka san haka ranar da ka zauna a layin dama. Na kuma san yadda 1976 ta kasance, ina cikin aikin. Azuzuwa sun cika, malamai babu, ana karɓar takarda da hannu ɗaya ana miƙa alli da ɗayan. Yaro ɗan shekara goma sha tara, maraya, uwar mamacin ta ɗora masa takarda a hannu, ba zan zauna a nan in yi masa hukuncin ɗan damfara ba. Amma yanzu kai magidanci ne mai shekara ashirin da bakwai. A ƙasan fom ɗin nan akwai wurin da za ka sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Wannan sa hannun ba Mama Selina ce za ta yi shi ba. Kada ka sa, ko Mubi ka rubuta ko Takum, sai an gyara maganar takardar.

Ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa ka tafi kudu ka gama lafiya ba wanda ya tambaye ka komai. Wasu sun yi haka. Sai dai ka duba abin da za ka saya da wannan tafiyar. Fom ɗinka ta ofishin ilimi na Mubi zai bi. In ana tantancewa, makarantarku ta ƙauye za a rubuta wa, kuma rajistarta ba ta canjawa don ka yi nisa. In ka gama, nan za a dawo da kai, inda malaman kwalejin Mubi ke zagayawa duba ɗalibansu. Ga Rut da za ta haihu tana zaton guje mata ka yi. Za ka bar gida shekaru, ka dawo ka tarar da abin da ka gudar wa yana jiranka, kuma a lokacin ya ƙara girma, don Giredi Tu ɗinka ma a kansa aka gina ta. Komawa gona kuma ban yarda ba. Manoman dawa ba su yi mana ƙaranci ba, mai iya sa yaro ɗan shekara shida ya daina kuka ya kama karatu shi ne ba mu da shi.

Yanzu maganar Malam Dawuda. Tsoro ya hana ka lissafi. Mutumin da yake jin labarin ajinka a bakin mutanen Mugulbu, ya kuma san a aji shida ka tsaya, kana zaton sai ranar intabiyu zai gane? Ya daɗe da sani. Da kai ƙara yake so, ofishin ilimi ya fi rumfar albasa kusa da shi. Ya ce ka zo kafin ƙarshen wata, wato kafin ka sa hannu. Ban san zuciyarsa ba, ba kuma zan yi maka alkawari da bakinsa ba. Amma na yi wannan aikin, na san yadda tsohon malami ke ji in ya ga yaronsa ya nufi rami. A ganina so yake ya ji daga bakinka a cikin zaurensa, don in a kan tebur ya gani a gaban sauran masu intabiyu, hannunsa a ɗaure yake.

Kafin ka je wurinsa, ka zaunar da Rut yau ɗin nan ka faɗa mata komai. Za ta yi faɗa, ka bar ta ta yi, ta cancanta. Mace mai ciki wata shida ba a barin ta da irin zargin da ka bar ta da shi, kuma abin da take zato ya fi gaskiyar ciwo. Daga nan ka je gidan Malam Dawuda da rana tsaka, kai kaɗai. Kada ka riƙe kaza ko kwandon gyaɗa, kada ya zaci bakinsa ka zo toshewa. Ka riƙe takardun nan biyu, da duk wata takardar sakamako ta aji biyar ko shida da ta rage maka. Ka faɗa masa yadda ka faɗa min, ba ragi. Ka tambaye shi ko akwai hanyar da za ka zauna jarrabawar gama firamare da kanka, ko kuma ya rubuta shaidar shekara shidan da ka yi a hannunsa, hedimastanka na yanzu ya rubuta ta shekara takwas ɗin aikinka. Shi ya fi ni sanin ƙa'idar da ake bi bana. Ni ba lauya ba ce, don haka kafin maganar ta kai ofis ku nemi wanda ya san doka, ko a cikin dattawan cocinku, ya faɗa muku gaskiyar abin da ke cikinta. Labaran ɗakin malamai kuwa ka rage saurarensu, rabinsu a nan ake ƙera su.

Ka shirya zuciyarka, abin zai iya cin ka. Mai yiwuwa fom ɗin bana ya wuce ka, mai yiwuwa a dakatar da kai na wani lokaci. Wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ake kallonsu ba, amma ba zan ce maka kyauta za ka fita ba. In an gyara, bana ko baɗi, Mubi za ka rubuta. Kwalejin da za ka je da keke ka dawo ka ga jaririnka, ka leƙa gonarka ranar Asabar, ita ce ta dace da mai iyali.

Mama Selina kuwa ba sai sunanta ya shiga ofis ba, kai ka kai takardar, kai za ka amsa. Ka je da ƙafarka ka mayar mata da kayanta, ka gode mata, don da ƙauna ta yi. Ka ce mata za ka kawo wata ta ajiye kusa da ita, wadda ka zauna ka rubuta da hannunka.

Ɗan'uwanka shekara goma ke nan a kabari, takwas daga ciki yana tashi kullum yana zuwa aiki a madadinka. Ya yi maka iya abin da ɗan'uwa zai yi. Ka sallame shi ya huta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sassauta maka abin da ke gaba, ya sauki Rut lafiya.

Goggo Dijatu